Hular Kwano Mai Tsada da Mai Araha: Shawarar da Ta Dace da Landan Za Ta Iya Kai Ɗan Gusau Ta Baro

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin masu hawan keke, musamman matasan da suka fara sha'awar keken tsere suna koyo a YouTube. Wai hular kwano duk ɗaya ce, mai tsada da mai araha kariyarsu guda, ƙarin kuɗin na suna ne da ƙyale-ƙyale. Masu faɗar haka ba su suka ƙirƙira ba, akwai binciken jami'o'i a bayan maganar. A ɗaya ɓangaren kuma ga mutanenmu na kasuwa da ke cewa ai araha ba ta ado, iya kuɗinka iya shagalinka. To wa ya fi gaskiya?

Matsayina shi ne, maganar farko gaskiya ce a inda aka yi binciken, amma tana tafe da wani sharaɗi da masu yaɗa ta suke mantawa a hanya. Sharaɗin nan kuwa shi ne babu a kasuwarmu. Wanda ya ɗauko shawarar daga Landan ya shiga da ita shagon kayan babur a Gusau, yana iya fitowa da abin da ya yi kama da hula alhali kwanon roba ne kawai.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da dama suka ajiye mota suka koma babur, wasu suka fito da tsohon keke suka yi masa faci. Ɗan makaranta ko ma'aikacin da ke fitowa daga Damba zuwa cikin garin Gusau a kan ƙafa biyu, titi ɗaya yake rabawa da tireloli da tankokin man da ke bin hanyar Funtua zuwa Sakkwato ta Tsafe da Bunguɗu. Idan kuma aka bugu a kai har ta kai ga tiyata, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta yankinmu tana asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200.

Me hular take yi a kai?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin hular kwano shi ne tauri, wato gwargwadon ƙarfin kwanon gwargwadon kariyar. Nan aka fara kuskure. Bari mu ɗan yi lissafi.

Kan mutumin da ke zaune a kan keke yana kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Duk abin da ya faɗo daga wannan tsayi zai isa ƙasa da saurin mita 5.4 a daƙiƙa, kusan kilomita 20 a awa kenan. Wannan lissafin bai damu da ko kana gudu ko kana tsaye ba, tsayin ne ke kawo shi. Abin da ke raba wanda ya tashi ya kakkaɓe riga da wanda aka ɗauka ranga-ranga shi ne tazarar da kan ya samu kafin ya tsaya cak.

Masana suna auna tsananin bugu da wani ma'auni da suke kira g. Idan aka ce 1 g, ana nufin ƙarfin da ƙasa ke jan ka da shi kullum. Idan aka ce 300 g, kamar nauyin kan ya ninku sau 300 ne na ɗan ƙiftawar ido. Kan babban mutum yana kusan kilo 5, ka ga 300 g ya zama kamar tan ɗaya da rabi. To idan kai ya bugi kwalta ya tsaya cikin milimita 2, lissafi yana ba da kusan 750 g. Idan aka samu abin da zai lotsa a hankali ya ba shi santimita 2, lissafin ya sauko zuwa 75 g. A zahiri adadin yakan fi haka, don soso ba ya lotsawa daidai wa daida, amma ka dai ga hikimar: ninka tazarar sau goma, bugun ya ragu sau goma.

Abin da ke ba da wannan tazara shi ne farin soson nan mai tauri da ke cikin hular, ɗan'uwan wanda ake tokare sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali, sai dai na hula ya fi shi danƙo da nauyi. Idan bugu ya zo, ƙananan ƙwayoyinsa ne ke murƙushewa su shanye ƙarfin. Kwanon waje aikinsa ya riƙe soson kada ya tarwatse, ya baza bugun, ya kuma sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta cije. Igiyar haɓa kuma ita ke tabbatar da cewa hular tana kai a lokacin da ake bukatarta. Riƙe maganar soson nan da kyau, don duk muhawarar farashi a kanta take juyawa.

Shin tana aiki kuwa? A 2017 Jake Olivier da Prudence Creighton na wata jami'a a Sidni ta Ostireliya sun haɗa sakamakon bincike 40 da suka shafi masu keke sama da 64,000 da suka yi haɗari. Sun samu cewa sanya hula yana tafiya da raguwar raunin kai da kashi 51 cikin ɗari, mummunan raunin kai da kashi 69, raunin kai mai kisa kuma da kashi 65. A ɓangaren babur, bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2008 ta nuna raguwar mutuwa da kusan kashi 42, raunin kai da kusan kashi 69.

Hujjar masu cewa duk ɗaya ce

A Amurka, tun daga 1999 doka ta hana sayar da hular keke sai ta ci jarrabawar hukumar CPSC. Ana sa hular a kan wani ƙoƙon kai na ƙarfe mai na'urar awo a ciki, a sako shi daga tsayin mita 2 a kan shimfiɗaɗɗiyar uwar maƙera, sannan daga mita 1.2 a kan mai doro da mai kaifin gefen titi. Idan awon ya wuce 300 g, hular ta faɗi. A Turai ƙa'idar ita ce EN 1078, inda ake sako ta daga kusan mita ɗaya da rabi, iyakar kuma 250 g. Ana gwada igiyar ko za ta tsinke, ana kuma fizgar hular a ga ko za ta tuɓe.

Ma'anar wannan ita ce, a waɗancan ƙasashe hular da ta fi kowace araha a kanti ta riga ta tsallake shinge ɗaya da wadda ta fi kowace tsada. Tambayar da ta rage ita ce ko mai tsadar ta wuce shingen da nisa.

Jami'ar Virginia Tech ta gwada amsa wannan. A 2018, tare da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora, ta fitar da sakamakon huluna 30 na farko. Kowane samfuri ana buga shi sau 24, a wurare shida, da sauri iri biyu, a kan maƙerar da aka karkatar aka lulluɓe da takardar yashi don ta yi kama da kwalta. Guda huɗu kacal suka samu taurari biyar. Cikinsu akwai Bontrager Ballista MIPS ta dala 200, akwai kuma Specialized Chamonix MIPS ta dala 75. Masu binciken suka ce farashi ba ya nuna wadda za ta fi kariya. A 2024 masu bincike a Imperial College da ke Landan suka gwada huluna 30 da aka fi saye a Birtaniya, su ma ba su ga wata alaƙa tsakanin kuɗi da kariya ba.

Akwai kuma darasi na biyu a binciken da ba a cika faɗa ba. Hulunan ba su zo daidai da juna ba. Wasu sun fi wasu nesa ba kusa ba, duk da cewa dukkansu sun ci jarrabawar hukuma. Abin da binciken ya rushe shi ne zaton cewa kuɗi ne ke nuna ta ƙwarai. Saboda haka wanda ya taƙaita sakamakon da cewa "duk ɗaya ce" ya ƙara gishiri.

To ina kuɗin yake tafiya?

Mafi yawansa yana tafiya ne a abubuwan da ɗan tsere ke bukata. Na farko rashin nauyi, don mai awa biyar a kan keke yana jin bambancin giram hamsin a wuyansa. Na biyu manyan kafofin iska. Duk kafar da aka huda an rage soso kenan, sai an ƙara wa abin da ya rage tauri ko an saka masa wani ƙashi a ciki kafin ya ci jarrabawa, wannan aikin injiniya kuwa kuɗi ne. Na uku siffar da ke yanka iska, wadda ake gwadawa a ɗakin iska na musamman don a rage 'yan daƙiƙu. Sai kuɗin talla da na ƙungiyoyin da ke sanya hular a gasar Tour de France. Ɗan tsere irin Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Paris a 2024, tana da dalilin damuwa da daƙiƙa. Mai zuwa kasuwa ko makaranta ba shi da shi.

Abu guda da ke ƙara farashi kuma yake da alaƙa da kariya shi ne maganar juyawar kai. Tun 1943 wani masanin kimiyyar lissafi a Oxford, A. H. S. Holbourn, ya yi gwaji da ƙwaƙwalwar da ya kwaikwaya da wani abu mai kama da kamu, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta fi jure matsi a kan murɗawa. Ka ɗauki kwanon kunun da ya fara daskarewa ka juya shi da sauri: kwanon ya juya, kunun ya biyo baya a makare, tsakiyarsa ta yage. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi idan kai ya bugi ƙasa a karkace yana cikin gudu. Tsofaffin jarrabawar CPSC da EN 1078 ba sa auna wannan.

Fasahar MIPS, wadda likitan ƙwaƙwalwa Hans von Holst da injiniya Peter Halldin suka faro a Suwidin a tsakiyar shekarun 1990, wata siririyar leda ce a cikin hular da ke barin ta zame milimita 10 zuwa 15 a kan kai lokacin bugu. A gwajin ɗakin bincike tana rage juyawar, kuma duk huɗun da suka zo kan gaba a 2018 suna da ita. Amma a yi hattara da talla a nan. Ƙoƙon kan da ake gwaji da shi ba shi da gashi, ba shi da fatar kai mai motsi, ba ya zufa, alhali waɗannan ma suna ba da tasu zamewar. Don haka ribar da aka gani a ɗakin gwaji tana iya fin wadda za a samu a titi. Ra'ayina shi ne idan ka samu mai MIPS da ɗan ƙari kaɗan, ka saya. Idan ƙarin zai sa ka fasa sayen hula gaba ɗaya, manta da ita.

Inda shawarar ta ɓace a hanya

Yanzu mu dawo gida. Duk hulunan da Virginia Tech da Imperial College suka gwada, daga kasuwar da aka riga aka tace suka fito. Mafi arahar cikinsu hula ce ta gaske. A nan kuwa, wa ya tace?

Tarihi ya ba mu amsa. Ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano. Farashi ya tashi nan take. A Kano aka ga 'yan acaɓa da ƙwarya ɗaure da igiya a kai, wasu da bokitin fenti, wasu da tukunya, har labarin ya zaga kafafen watsa labaran duniya. Fasinjoji kuma suka ƙi sanya hular da kowa ke sanyawa, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana yin asiri a ciki. Duniya ta yi dariya, amma ni a ganina 'yan acaɓar nan sun fahimci dokar sarai. An nemi su sa wani abu a kai don kada a kama su, suka nemo mafi araha da zai biya wannan bukata. Ba a fara da bayyana wa mutane abin da soso ke yi ba, ba a kuma tanadi hula ta ƙwarai da kuɗin da ɗan kabu-kabu zai iya ba.

Ƙwaryar ta tafi, amma jikokinta suna nan, kuma sun fi ta haɗari don sun fi ta kama da hula. Kama da wane kuwa ba ta wane. Ga su kala huɗu.

Ta farko ita ce hular leburori da injiniyoyi, mai launin rawaya ko fari. An yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama a kan mutumin da ke tsaye. A cikinta babu soso, sai ragar roba da ke ɗage kwanon daga tsakar kai. Gefe da ƙeya da goshi, inda mai faɗuwa daga abin hawa ya fi buguwa, ba su da komai. Wani abin mamaki ma, ƙa'idar Turai ta EN 397 ta bukaci igiyar haɓar wannan hula ta kwance da kanta idan aka ja ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 15 zuwa 25, don kada ta shaƙe ma'aikaci idan ta maƙale a jikin ƙarfe. Wato an tsara ta ne ta fita daga kai, a daidai yanayin da mai babur ke bukatar ta zauna.

Ta biyu ita ce mai siffar hular babur sak, da gilashi da zane mai ƙyalli, amma idan ka ɗaga ƙyallen ciki sai ka tarar da soson katifa mai laushi, ko farin soso siriri kamar biskit. Soso mai laushi yana lotsewa gaba ɗaya tun bugun bai fara ba. Ka tuna lissafinmu: babu tazara, babu kariya.

Ta uku ita ce gwanjo. Wannan tana da ruɗi, don sau da yawa hular kamfanin ƙwarai ce, da tambarinta na gaskiya. Matsalar ita ce soson hula sau ɗaya yake aiki. Da zarar ya murƙushe ba ya dawowa, kuma kwanon waje yana iya ɓoye wurin. Ba ka san dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita ba, ba ka kuma san nauyin da aka danne ta da shi a cikin dila ba.

Ta huɗu ita ce hula ta gaske a kan abin hawan da ba nata ba, wato hular keke a kan Boxer. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hular babur, ECE 22.05, tana gwaji da saurin mita 7.5 a daƙiƙa, ta keke kuma 5.4. Tunda ƙarfin bugu yana tafiya ne da saurin da aka ninka da kansa, bambancin ya kusa ninki biyu. Sabuwar ƙa'idar, ECE 22.06, ta ƙara har da gwajin bugun karkace. Hular babur ta fi rufe kunne da ƙeya, wasu har haɓa.

Ka ga a kasuwarmu farashi yana da magana, amma a ƙasan tsani yake yin ta. Tsakanin ta bogi da ta gaske mafi araha akwai rami mai zurfi. Daga ta gaske mafi araha zuwa ta 'yan tsere kuwa, 'yan matakala ne na jin daɗi. Shawarar intanet tana magana a kan matakalan, mu kuma ramin ne a gabanmu. Kuma kada wani ya ɗauka tsada ce mafita, don babu abin da zai hana a ɗora wa ta bogi kuɗi mai yawa idan zanenta ya yi kyau. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan ana sayar wa mutum rariya ne da sunan tulu.

Zafi ma batun kariya ne

Akwai wuri guda da nake ganin masu bitar Turai sun raina abin da bai kamata mu raina ba. Su a wurinsu kafofin iska jin daɗi ne kawai. A Gusau, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Hular da ke dafa kai, ranar farko za a sa ta, rana ta uku a ɗage ta zuwa ƙeya, bayan mako guda tana rataye a hannun babur. Kariyarta a wannan lokaci sifili ce, ko da taurari biyar ta samu a Amurka. Don haka idan za ka ƙara kuɗi a kan wani abu, ƙara a kan wadda iska ke ratsawa kuma ta zauna maka daidai, ka kuma zaɓi fara ko mai haske, wadda direban tirela zai fi hangowa da magariba.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce, kuma an taɓa magance ta. A Biyetnam, ƙasa mai zafi da babura, wata gidauniya mai suna AIP ta buɗe masana'antar Protec a Hanoi a 2002, tana ƙera hula marar nauyi mai iska don yanayin zafi. Da dokar tilasta sanya hula ta fara aiki ranar 15 ga Disamba 2007, kusan kowa ya sa cikin kwana ɗaya. Su ma daga baya sun yi fama da ta bogi, abin da ke nuna cewa doka ba ta wadatar idan ba a tsare kasuwa ba. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ita ma ta fito da shirin hula mai cika ƙa'idar ECE 22.05, mai iska, da nufin a sayar da ita kusan dala 20. Wato fasaha ta nuna hula ta gaske ba dole ta yi tsada ba. Abin da ya rage aikin hukumomi ne, musamman SON mai kula da ingancin kayan da ke shigowa, ta tare ta bogi tun a tashar ruwa da kan iyaka, maimakon a bar jami'in FRSC yana tantance soso da ido a bakin titi.

Yadda za ka duba kafin ka biya

Fara da kanka. Karɓi tef ɗin tela ka auna kewayen kai, ɗan sama da gira. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 54 da 61, kuma hular ƙwarai tana ɗauke da girmanta a rubuce.

Juya hular ka ɗaga ƙyallen ciki. Nemi farin soso ko baƙi mai tauri, kaurinsa ya kai kamar yatsu biyu a haɗe, ya kuma rufe ko'ina har goshi da gefe. Danna shi da babban yatsa. Idan ya lotsa kamar katifa, ajiye ta.

Nemi takardar da ke ciki. A hular keke za ka ga CPSC ko EN 1078, da sunan kamfani da ranar ƙira. A ta babur mai bin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai ƙyalle ɗinke a jikin igiya mai harafin E da lamba a cikin da'ira. Sitika a bayan hula kowa na iya bugawa, don haka tambari shi kaɗai ba hujja ba ne. Rashinsa dai hujja ce.

Ja igiyar da ƙarfi, ka duba yadda aka kafe ta. Sannan ka sa hular. Ta zauna a miƙe, tazarar yatsu biyu tsakaninta da gira. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma ta matse yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Sa hannu ka tura ta daga ƙeya zuwa gaba. Idan ta rufe maka ido ko ta tuɓe, ba taka ba ce.

Kada a ɗora ta a kan zanna bukar ko wata hula mai kauri, don ba za ta zauna ba. Siririn hijabi ba ya hana komai, sai dai a cire fil da allura, a kuma sauke ƙullin gashi zuwa ƙasan ƙeya, a gwada girman hular da hijabin a jiki. Yaro a saya masa daidai kansa na yau. Idan kuma ta taɓa shan bugu da kai a ciki, aikinta ya ƙare ko da ba ka ga tsaga ba. A guji barinta a rana kan tankin babur ko shafa mata fetur, don mai yana narkar da irin wannan soso.

Iyakar abin da hula za ta iya

Gwajin da muka ambata duka na faɗuwa ne daga tsayin mutum zuwa ƙasa. Babu hular keke, ko ta nawa ce, da aka ƙera don karo da tirela mai gudun kilomita 80. A Holan yawancin masu keke ba sa sanya hula, amma ƙasar tana cikin waɗanda hawan keke ya fi aminci a duniya, saboda sun ware wa keke hanyarsa sun kuma rage gudun mota a cikin gari. Wannan ba dalilin ajiye hula ba ne ga wanda ke bin hanyar Damba, inda babu irin wannan tanadi. Dalili ne na kada mu yarda a ɗora wa mai keke da ɗan kabu-kabu dukkan nauyin tsira, a manta da ramukan titi, da fitilar da babu, da gudun manyan motoci a cikin unguwa.

Ga mai saye dai, amsar tambayar farko ta fito. Idan huluna biyu duk na gaske ne, ɗauki wadda ta zauna maka kuma za ka iya jure ta a watan Afrilu, ragowar kuɗin ka sayi fitila da birki mai kyau. Idan kuwa ba ka tabbatar ta gaske ba ce, kada farashinta ya ruɗe ka ko ta wane ɓangare. Ɗaga ƙyallen ka danna soson tukuna.